Faya-fayan Mainasara

Saƙon ya iske Surajo ta bakin Sale direba, mai jigila tsakanin Tudun Wada da Riruwai da wata tsohuwar a-kori-kura. Surajo yana rumfarsa ta gyaran rediyo, ya duƙufa kan wata rakoda da ta haɗiye zaren kaset, sai Sale ya leƙo da kai, ko motar bai kashe ba.

"Injiniya marar takarda," in ji Sale, "Baba Dikko yana gaishe ka. Ya ce in ka manta hanyar gidansa, in loda ka a baya tare da buhunan taki."

"Lafiya dai?"

"Akwatin abokinka yake so a kunna masa. Wai idonsa ya fara tafiya, kunne ne ya rage, yana so a karanta masa tun yana ji."

Surajo ya ajiye sukudireba.

Wannan ce damina ta biyu da rasuwar Mainasara, ɗan Baba Dikko na fari. Tun firamare suke tare da Surajo. Ɗaya ya wuce ya zama malamin sakandare a garinsu Riruwai, ɗaya ya tsaya a gyaran rediyo, ya kuma taɓa zaman wani shagon buga takardu a Kano inda ya koyi buɗe cikin kwamfuta da kansa, ta hanyar ɓatawa da gyarawa. Da Mainasara ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a gwanjo, Surajo ne ya raka shi, shi ya ɗauro ta a cinya har Riruwai, shi ya haɗa masa ita.

Aiki ɗaya Mainasara ya sa ta. Yana bin tsofaffin ma'aikatan kuza gida-gida, waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a ramuka zamanin kamfani, yana sa su ba shi labari: daga ina kowa ya zo, wa ya rasu a wane rami, wace waƙa ake yi in ana ɗaukar kwano a ka. Yakan rubuta a bayan tsofaffin takardun jarrabawa, in ya shigar a kwamfuta ya miƙa wa ƙanwarsa Saude takardun ta hura wuta. Yawancin tsofaffin nan yanzu ƙasa ta rufe su. Shi ma mai rubutun ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba. Surajo ya je gaisuwa, ya ga ƙofar ɗakin a rufe, bai sake komawa garin ba.

Washegari ya zuba kayan aiki a jaka ya shiga motar Sale. An kwana ana ruwa. Suka ratsa dajin Falgore, suka bar kwalta, motar ta riƙa iyo a taɓo har duwatsun Riruwai suka bayyana da hazo a kansu.

Saude ce ta fara fitowa zaure. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ke kula da tsohon.

"A'a, yau baƙon Makka gare mu," ta ce. "Yaya Surajo, ashe kana duniya. Mun ɗauka rediyo ta haɗiye ka."

"Sai haƙuri, Saude."

"Haƙurin ai shi muke ci safe da yamma. Shigo, tun asuba yake tambaya ko an ji ƙarar mota."

Surajo ya durƙusa ya gaida Baba Dikko. Tsohon ya rame, amma hannun da ya riƙe nasa har yanzu kamar icce yake. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi mutan gida da damina da kasuwa. Baba Dikko bai ambaci sunan ɗansa ba. Bai taɓa ambata ba ko yana raye, don ɗan fari ne.

"Abokinka ya ce in ya gama zai zaunar da ni ya karanta mini tun daga farko," ya ce. "Allah bai nufa ba. To kai ne bakinsa yanzu."

An aro ƙaramin injin wuta daga mai gidan kallon bidiyo, da sharaɗin a mayar kafin magariba. Saude ta buɗe ɗakin. Warin danshi ya tarye su. Kwamfutar tana kan teburi an lulluɓe ta da zanen gado, bangon bayanta ya yi kore saboda yoyo. Baba Dikko ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, inda haske yake.

Surajo bai yarda ya ba ta wuta kai tsaye ba. Ya kwance murfin, ya leƙa. Zanzaro ya gina ɗaki a bayan akwatin da ke raba wuta, ya liƙe fankar cikinsa da laka. Ya kankare a hankali, ya busa, ya juya fankar da yatsa har ta saki. Ya ɗora mita, ya tarar fiyus ya ƙone, wani ƙaramin abu kuma kusa da shi ya kumbura. Yana da irinsa da ya ciro daga matacciyar talabijin. Ya ɗora da dalma.

"Me ka samu?" in ji tsohon.

"Zanzaro ne ya yi haya a ciki, Baba."

"Shi kaɗai ya amfana da ita ke nan. To a sallame shi."

Aka ta da inji. Surajo ya yi bisimilla ya danna. Fankar ta juya, na'urar ta yi ɗan kuka sau ɗaya, gilashin ya yi haske. Saude ta dafe ƙirji. Fararen rubutu suka fito da Turanci, suka tsaya.

"Ta farka," in ji Baba Dikko. "Me take cewa?"

"Cewa take ta manta komai nata. Akwai ɗan batir a ciki da ke riƙe mata kwanan wata da sanin kayan cikinta, ya mutu. A wurinta yau farkon shekarar 1980 ne."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Ta fi mu dabara. Lokacin ina da haƙora."

Surajo ya sa sabon batir. Ya haska tocila kan babban faifan ciki, wani ƙarfe mai nauyi kamar sabulun wanki, inda duk rubutun yake kwance. Ya karanta lambobin da ke jikinsa, ya shigar wa na'urar don ta gane shi. Ya kashe, ya kunna, ya kara kunne. Fanka kawai yake ji. Faifan bai motsa ba.

Ya san wannan ciwon. In faifai ya daɗe a kwance cikin danshi, allurar da ke karanta shi takan manne masa. Dabara ɗaya ya sani, kuma ya san tana iya tayarwa tana iya ƙarasawa. Ya ciro faifan, ya riƙe shi a tafin hannu, ya murɗa wuyan hannunsa da sauri kamar mai buɗe murfin kwalba. Ya mayar, ya kunna.

Faifan ya tashi. Ya ji shi yana ɗaukar gudu, zuciyarsa ta bi shi. Sai wata ƙara ta biyo, irin ta fartanya in ta gamu da dutse, ta ja, ta ja, ba ta daina ba. Surajo ya finciko wayar wuta. Da ya sake gwadawa, sai ƙwas, ƙwas, daga nan shiru.

Ya zauna a kan dugadugansa. Ko tsatsa ce ta riga ta cinye shi, ko hannunsa ne ya ƙarasa shi yanzu, ba wanda zai iya gaya masa, har abada.

"Baba," ya ce, "babban faifan ya mutu. Ba ni kaɗai ba, ko wa aka kai wa a Kano ba zai iya tayar da shi ba."

Ya ɗauka tsohon zai karaya. Sai ya ga murmushi.

"Ai abokinka ya faɗa mini haka za ta iya faruwa. Ya ce kai ka matsa masa ya riƙa juye rubutun a ƙananan faya-fayai. Yana kwance ya damƙa mini su a hannu, ya ce, Baba, kada ruwa ya taɓa su, kada rana, kada gara. Saude, jawo mini adakata."

Surajo ya ji numfashinsa ya dawo. Shi ya koya wa Mainasara hakan, har faɗa suka yi a kai.

Saude ta jawo wata baƙar adakar ƙarfe daga ɗakin tsohon. Baba Dikko ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe, ya tura murfin baya. Ba a cikin kaya faya-fayan suke ba. A jikin murfin suke ta ciki, ɗaure da tsumma, manne da wani ƙaton mayen ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙaho.

"Ka ga dabarar tsofaffi," in ji shi. "Daminar bara ruwa ya shiga har gindin adakar nan, ya jiƙa mini riguna. Na ce to, abin da ke sama ruwa ba ya kai masa. Wannan tun na kamfani ne, da shi muke tsince baƙin yashi daga cikin kuza. Na ga 'yar cibiyar nan tasu ta ƙarfe ce, na kara, suka kama caf. Gara ba ta hawa, ɓera ba ya kaiwa."

"Duk Juma'a sai ya ciro su," in ji Saude. "Ya goge su ɗaya-ɗaya da gefen rawani, ya jujjuya, ya mayar. Ni ko taɓawa ba a bari in yi."

"Ke hannunki kullum da manja."

Surajo yana kallon bakinsu yana motsi. Ruwa, rana, gara. Abin da ya gaya wa Mainasara ke nan, shi kuma ya gaya wa ubansa, ba ragi ba ƙari. Wa zai kawo mayen ƙarfe a ransa? A duk ƙasar nan gida nawa ne ke da irin wannan, in ba gidan tsohon mai wankin kuza ba?

Ya karɓi faya-fayan da hannu biyu. A jikin kowanne akwai rubutun Mainasara da jan biro, ƙanana masu karkata. Ya ta da na'urar da wani faifai nasa da ya zo da shi, ya cire, ya ajiye kan jakarsa, ya sa na farko. Na'urar ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta rubuto cewa wannan faifai ba komai a kansa, ko a shirya shi kamar sabo?

Ya sa na biyu. Haka. Ya ce wa kansa wataƙila ramin karantawar ne ya yi datti. Ya goge shi da auduga, ya mayar da nasa faifan, ya karantu tas. Ya sa na uku. Ya bi su duka, ya sake bin su daga ƙarshe zuwa farko, ba don yana sa rai ba, sai don muddin hannunsa yana aiki ba wanda zai tambaye shi.

Aka kira azahar. Ba wanda ya tashi.

Baba Dikko ya gaji da riƙon mayen ƙarfen, ya miƙa hannu ya ajiye shi a tabarma, daf da jakar Surajo. Kafin Surajo ya yi tunani hannunsa ya riga shi. Ya fizge faifansa daga kan jakar, ya ɓoye a ƙirji.

Idon tsohon ya yi rauni, amma abin a gabansa aka yi.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Baba."

"Ka zabura kamar ka ga kunama."

"Ƙura nake gudar masa."

Baba Dikko ya dubi tabarma, ya dubi mayen ƙarfen, ya dubi hannun Surajo da ke ƙirji. Injin wuta yana ta ɓarin ƙara a tsakar gida.

"Surajo. Rubutun nan da ke ciki, da tawada ake yin sa?"

"A'a."

"Da me?"

Da zai iya cewa bai sani ba. Amma mutumin da ya tambaye shi ya ba shi tuwo da hannunsa yana yaro.

"Wani gari ne na ƙarfe, mai laushi ƙwarai, aka shafa a jikin faifan. Shi na'urar take jerawa."

"Garin ƙarfe," in ji tsohon.

Bai ƙara tambaya ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana bi da mayen ƙarfe a kan kwano yana kallon baƙin yashi yana tsalle yana kama shi, ba ya bukatar a ƙarasa masa. Surajo ya ga fuskar tana zubewa a hankali, kamar bangon ƙasa da ruwa ya ci gindinsa. Hannun da ke goge faya-fayan duk Juma'a ya kwanta a cinya, tafin yana sama.

"Ni ne ke nan," ya ce, can ƙasa.

"Baba, ba wanda ya gaya maka."

"Ni ne."

Saude ta juya fuska bango.

Sai tsohon ya ɗago, wani abu ya dawo idonsa. Ya jawo mayen ƙarfen, ya ɗora a cinya, ya shafa bakinsa da babban yatsa.

"Tsaya," ya ce. "Ai ni na san halin wannan. Ba ya cin abu. Ja yake ya riƙe. In ya cika da baƙin yashi, sai mu kai shi gefe mu share da hannu, yashin ya zubo, ko ƙwaya ba ta ɓata. To abin da ya ja daga nan yana jikinsa. Ina zai kai shi? Bai fita daga adakar nan ba." Ya miƙo shi da hannu biyu. "Ku da kuke da na'urori, ka tafi da shi. In kai ba ka iya ba, akwai manyanka a Kano. A share shi a hankali a kan wani faifan."

Surajo ya san amsar, kuma gajeriya ce. Mayen bai ɗauki komai ba. Hargitsa jerin ya yi, kamar yadda iska ke shafe sawu a kan rairayi, ba ta tafi da sawun ko'ina ba. Ya buɗe baki ya faɗa. Sai ya ga yadda hannuwan nan biyu suke tallafe da nauyin ƙarfen, ya ga cewa wannan tunani shi kaɗai ne ya tsaya tsakanin tsohon da abin da ya faɗa ɗazu. In ya ce a'a, ya bar mutum da sanin cewa da hannunsa, da ƙaunarsa, ya shafe ɗansa duk Juma'a. In ya ce to, ya ba shi abin jira wanda ba zai zo ba. Ya nemi ta uku, bai samu ba.

Ya karɓa.

"Zan gwada, Baba."

"Allah ya yi maka albarka. Ka naɗe shi da kyau, kada ya zube a hanya."

Saude ta raka shi zaure da jakarsa. Ba ta yi wasa ba wannan karon.

"Yaya Surajo, dube ni. Ana iyawa?"

Ya girgiza kai.

"To don me ka karɓa?"

"Kin ga fuskarsa."

"Na gani. Ni zan ci gaba da ganinta ma. Kai yanzu za ka hau mota ka koma cikin rediyoyinka. Ni ce zan zauna da shi, duk motar da ta tsaya ya ce in leƙa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Koma ka gaya masa. Ya yi kukansa yau, mu yi tare, a gama."

"Ke ki gaya masa, bayan kwana biyu."

"Ni ai ba injiniya ba ce. Cewa zai yi me na sani, hannuna da manja."

Surajo ya tsaya da ƙarfen a hammata, naɗe cikin tsohon buhu. Daga ciki ya jiyo muryar tsohon yana kiran Saude ta zo ta rufe akwatin da zane kada zanzaro ya dawo. Ya yi taku ɗaya wajen ƙofar cikin gida. Sale ya danna ham a waje. Ya juya ya fita.

A Tudun Wada ya rasa inda zai ajiye shi. Rumfarsa cike take da kaset-kaset na mutane da talabijin, ba abin da mayen ba zai ɓata ba. Ya kai shi gida, ya sa a wata fasasshiyar randa bayan ɗaki, ya kife kwano a kai.

Ranar kasuwa Sale ya leƙo. "Tsoho ya ce yaya aiki?"

"Ka ce ana kai."

Wani makon ya zo da ƙullin gyaɗa, wai a ba manyan Kano su taɓa. Na bayansa da zabuwa. Surajo ya daina cin abincin rana a ranakun da motar Riruwai ke shigowa. Sau da yawa yakan shirya maganar a ransa, kalma bayan kalma, har ya ɗauki hula zai bi Sale. Sai ya tuna cewa yanzu ba abu ɗaya zai gaya wa tsohon ba, biyu ne, na biyun kuma nasa ne, kuma kullum ƙara girma yake.

Ruwa ya ɗauke. Dawa ta fara sunkuyar da kai. Sale ya zo da yamma, wannan karon ya kashe motar, ya zauna a benci.

"Injiniya, tsohonka fa ya tashi tsaye. Ya aika garin Ƙofa, ya aika Ɗansoshiya, duk inda 'ya'yan abokan aikinsa suka watsu. Wai bayan girbi kowa ya zo gidansa a karanta musu abin da iyayensu suka faɗa. Ni ma an ce in zo, wai akwai kakana a ciki. Har rago ya ɗaure." Ya dubi Surajo. "Saude kuma ta ce in gaya maka, ita ba ta da saƙo."

Surajo yana riƙe da ƙarfen dalma. Dalmar ta narke, ta ɗigo a teburi, ta daskare.

"Ya ce in tambaye ka rana, don a sanar da mutane. Me zan ce masa?"

A waje wani yana ta murɗa rediyo yana neman tasha, ba abin da ke fita sai shuu.

"Ka ce masa an kusa," in ji Surajo.